Abokan Da Suka Buɗe Rufin Ɗaki



A sura ta 2 ta Bisharar Markus mun karanta labarin wani shanyayye a garin Kafarnahum. Yesu yana cikin wani gida yana koyarwa, jama'a kuwa sun cika gidan har bakin ƙofa, babu masaka tsinke. Sai ga mutum huɗu ɗauke da marar lafiyan a kan shimfiɗarsa. Da suka rasa hanyar shiga, suka hau bisa, suka buɗe rufin ɗakin daidai inda Yesu yake, suka zura shi ƙasa. Markus bai gaya mana sunayensu ba, bai kuma rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsu ba. Ya shaida mana dai cewa Yesu ya ga bangaskiyarsu, sa'an nan ya gafarta wa shanyayyen zunubansa, ya umarce shi ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa ya tafi gida.

Mun saba kiran mutanen nan abokansa, aikinsu ne kuwa ya ba su wannan suna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da ɗayansu ya janye, da shimfiɗar ba ta kai gaban Yesu ba. A nan muke ganin amfanin abota ga Kirista. Akwai ranar da ƙafafunmu za su kāsa, ko saboda ciwo, ko rashin aiki, ko mutuwar na kusa, ko zunubin da ya sa muke jin kunyar shiga coci. A ranar nan bangaskiyar wani ce za ta ɗauke mu. Saboda haka ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa: su wa za su ɗauki shimfiɗata, ni kuma ta wa nake riƙe da ita?

Abota irin wannan tana da tsada. Jonatan ɗan sarki Saul ne, shi ne kuma mai jiran gadon sarautar Isra'ila. Duk da haka, a 1 Sama'ila sura ta 18, ya tuɓe rigarsa ya ba Dawuda, tare da takobinsa da bakansa da ɗamararsa. Da Saul ya tashi neman ran Dawuda, Jonatan ya tsaya masa a gaban mahaifinsa har aka jefe shi da mashi. A sura ta 23 ya bi Dawuda har jejin da yake ɓuya, ya ƙarfafa shi cikin dogara ga Allah, alhali ya sani Dawuda ne zai hau gadon da mutane ke zaton nasa ne. Bayan mutuwar Jonatan, Dawuda ya nemo ɗansa Mefiboshet, wanda gurgu ne, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya sa shi cin abinci kullum a teburin sarki. Mu nawa ne muke tuna marayun aminanmu bayan an watse daga zaman makoki?

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana ɗaya gefen ba. Littafin Sirak, sura ta 6, ya gargaɗe mu mu gwada aboki kafin mu saki jiki da shi, domin akwai wanda ke tare da mu muddin akwai tuwo a akushi. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne abokin da ke share mana hanyar zunubi. A 2 Sama'ila sura ta 13, Amnon ɗan Dawuda yana da aboki mai wayo, Yonadab, wanda ya koya masa dabarar da ya bi ya ci mutuncin 'yar'uwarsa Tamar. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, gidan Dawuda kuwa bai sake zama lafiya ba. Matasanmu, ku ji wannan da kyau. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya fara miƙa maka ƙwaya, ko ya ja ka cikin 'yan bangar siyasa, ko ya ce ka raina matarka don ka burge majalisa, shi ma ɗauke yake da shimfiɗarka, amma dubi inda ya nufa da ita.

Amini na gaskiya yakan faɗa maka abin da ba ka so ka ji. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan muka ga ɗan'uwa ya daina zuwa Misa, ko ya fara taɓa kuɗin da aka ba shi amana, muka yi shiru don kada zumunci ya ɓaci, to, mun bar shi kwance a bakin ƙofa ke nan.

Tarihin Ikkilisiya ya nuna mana cewa tsarkaka ba safai suke tafiya su kaɗai ba. Waliyyi Agustin da abokinsa Alifiyus, dukansu 'yan Tagaste a Afirka ta Arewa, tare suka karɓi baftisma daga hannun Waliyyi Ambros a Milan, a bikin Ista na shekarar 387. Waliyyi Ignatiyus na Loyola da Waliyyi Faransis Zabiya ɗaki ɗaya suka zauna suna ɗalibai a Paris. Haƙurin Ignatiyus ne ya juyo da Faransis daga neman suna, har a 1534 suka ɗauki wa'adi tare da sauran abokansu, Faransis kuma ya kai Bishara Indiya da Japan. A Uganda, Waliyyi Charles Lwanga ya yi wa yaron nan Kizito baftisma ya kuma ƙarfafa zuciyarsa, dukansu biyu suka ba da ransu a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886.

Abotar Kirista ba ta tsayawa a ƙofar coci. Majalisar Vatikan ta Biyu, a 1965, ta kira mu mu dubi Musulmi da girmamawa, mu nemi fahimtar juna. Marigayi Paparoma Faransis ya rubuta wasiƙarsa Fratelli Tutti a 2020 a kan 'yan'uwantaka da abota tsakanin al'umma. Mun ga amfanin wannan a ƙasarmu. A watan Yuni na 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya ƙi miƙa su ga maharan. Kada tsoro da zafin rashin da muka yi su sa mu yanke gaisuwa da maƙwabtan da muka tashi tare.

Tushen duk wannan shi ne Yesu kansa. Ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru. Ya aiki almajiransa biyu biyu. A daren da aka bashe shi, kamar yadda Yohanna ya rubuta a sura ta 15, ya ɗaga almajiransa daga matsayin bayi ya kira su abokansa, ya kuma nuna cewa iyakar ƙauna ita ce mutum ya ba da ransa dominsu. Washegari ya cika wannan a kan gicciye. Duk lokacin da muka matso don karɓar Jiki da Jinin Kristi, abotar nan ce muke sabuntawa, da shi da kuma wanda ke durƙushe kusa da mu.

Zumunta a ƙafa take. Muna roƙon Zumuntar Mata, da ƙungiyar maza, da matasa, da 'yan kwaya, kowace ƙungiya ta duba littafin sunayenta a wannan wata. Wa ya daɗe ba a gan shi ba? Wace gwauruwa ce aka daina leƙawa? Ku tafi biyu biyu, ku zauna da su, ku yi addu'a tare, in kuwa akwai mai bukatar Fada ya kawo masa Tarayya Mai Tsarki ko shafewar marasa lafiya, ku sanar da katikis. Wanda kuma ke gaba da tsohon amininsa, ya fara zuwa ya gaishe shi kafin Lahadi mai zuwa.

Allah Uba, wanda ya ga bai kyautu mutum ya zauna shi kaɗai ba, ya ba mu aminai masu kai mu gaban Ɗansa, ya kuma ba mu ƙarfin ɗaukar waɗanda suka kāsa. Ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.