Mas'alar Yoyo Mai Tsada a Ma'aunin Shari'a da Hankali

Malaman fiƙihu na mazhabar Malikiyya, a inda suke lissafa sharuɗɗan da ciniki ke inganta da su, sun shar'anta cewa lalle abin sayarwa ya kasance abin da ake amfanuwa da shi. To, wannan sharaɗi, ko da yake ɗalibi kan haddace shi tun yana zaure ba tare da ya ga wata wahala a cikinsa ba, shi ne ke tsayar da mutum ya yi dogon nazari ranar da aka ce masa a Japan da Amurka da ƙasashen Turai akwai mutane masu cikakken hankali, manya da samari, waɗanda kan fitar da dala 150 ko 200, wani lokaci har fiye da haka, su sayi yoyo, wato faifai biyu da aka haɗa da ƙusa a tsakiya aka rataya a jikin zare. Mai saurin hukunci zai ce wannan ai almubazzaranci ne tsantsa, ya wuce abinsa. Ni dai ina ganin mas'alar ta cancanci a zauna mata, domin a ƙarƙashinta akwai tsohuwar tambayar da hukama'u suka daɗe suna juyawa: me ke ba abu daraja, kuma wane matsayi wasa yake da shi a rayuwar bawan da ya san za a tambaye shi yadda ya ƙarar da kwanakinsa da dukiyarsa?

Abin wasan kansa tsoho ne ƙwarai, don kuwa a jikin wani kaskon Girkawa na wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, an zana yaro riƙe da abin da ya yi kama da shi. Amma yoyon da ake gasa da shi yau asalinsa daga Pedro Flores ne, mutumin Filifin da ya buɗe masana'anta a Santa Barbara ta jihar Kaliforniya a 1928, kafin Donald Duncan ya saye kasuwancin ya yaɗa shi. Abin da ya bambanta yoyon Flores shi ne ba a ƙulle zaren tam a jikin ƙusar ba, zarge ta kawai aka yi da shi, saboda haka idan an jefa yoyon sai ya isa ƙarshen zare ya tsaya yana ta juyawa a wuri ɗaya, abin da 'yan wasan ke kira barci. A cikin wannan barcin ne kuwa ake yin dukkan gwaninta. Tun daga nan himmar masu ƙira ta tattaru a kan tsawaita shi, har wani likitan haƙori na San Faransisko mai suna Tom Kuhn ya fito da samfurin SB-2 a 1990, na alminiyam, da boris a tsakiyarsa, barcin da a kan ƙusar katako ake ƙirga shi da daƙiƙoƙi ya koma ana ƙirga shi da mintoci.

Wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana kaɗi ya riga ya san sirrin da masu ƙirar nan ke bi, domin nauyin gululun da ke gindin mazari shi ke sa ya daɗe yana juyawa bayan an murza shi sau ɗaya. Abin da ilmin lissafi ya ƙara shi ne, gwargwadon nisan nauyin daga tsakiya, gwargwadon daɗewar juyin da kuma ƙin karkatarsa. Sai dai yoyon gasa nauyinsa bai cika wuce giram 65 ko kusa da haka ba, faɗin faifansa kuma wajen milimita 56, in ya fi haka nauyi ya gajiyar da hannu ya rage sauri. Saboda haka duk hikimar ta koma ga rabon wannan ɗan nauyin, a ɗebe shi daga tsakiya a tura shi baki. Shi ya sa ake sassaƙe jikin daga alminiyam ya yi siriri iyakar yadda zai jure, sa'an nan a ɗora masa zobe na ƙarfen da ba ya tsatsa a gefe, wanda ya ninka alminiyam nauyi kusan sau uku. Irin wannan ƙira ce ta ɗaukaka sunan Draupnir na kamfanin Yoyorecreation na Japan. Wasu kuma sukan sassaƙa shi daga titaniyam, wanda ƙarfinsa ke ba da dama a rage kaurin bango, amma yana cin bakin injin sassaƙa, yana kuma cin lokaci, daga nan tsadarsa ta taso.

Kuma aikin ba ya karɓar sakaci ko kaɗan. Idan faifai ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa nauyi da abin da ido ba ya gani, ko zoben bai zauna daidai ba, sai yoyon ya riƙa rawa a kan zare; za ka ga gwani ya jefa sabon yoyo, ya bar shi yana barci, ya kai farcensa a hankali ya taɓa gefensa, yana sauraren ko zai ji karkarwa a yatsa, in ya ji shiru kamar abin ba ya motsi alhali yana ta gudu, sai ya ɗaga kai ya ce aikin ya yi. An kuma faɗaɗa tsakanin faifan yadda zare zai shiga ninki uku ko huɗu bai taɓa bango ba, har ya zama ko an fizgi zaren yoyon ba ya dawowa hannu da kansa, sai mai wasan ya naɗa ɗan madauki ya cusa a tsakiya, zoben roba mai laushi da ke kewaye da boris ya cafke shi, sa'an nan ya hau.

A nan nake ganin mai ƙira ya fita daga zargi. An ruwaito, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin ruwayar, cewa Allah yana son bawa in ya kama aiki ya kyautata shi, ma'anar kuwa tabbatacciya ce a cikin usulin addini ta hanyoyi masu yawa. Mutumin da ya tsaya a kan injinsa a Eugene ta jihar Oregon, inda kamfanin One Drop ke sassaƙa nasa, ko a wata masana'anta ta Japan ko Sin, ya ware wanda ya fito da aibi ya sayar da shi a kan rangwame bayan ya bayyana aibin, ya cika amanar sana'a, kuma kuɗin da ya karɓa ladan gumi ne da ƙarfe da ilmi. Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa sana'o'i suna cika ne gwargwadon cikar zaman birni, mutane in sun ƙoshi daga larura sai su juya ga ƙawa, har ya lura cewa sana'ar waƙa ita ce ta ƙarshen bayyana a gari, ita ce kuma ta farkon ɓacewa idan gari ya fara lalacewa. Yoyon titaniyam ɗan wannan dangi ne, ba ya tsirowa sai inda aka sami yalwa da natsuwa, a rabon da Imam Shaɗibi ya yi wa maslahohi kuwa ba ya shiga larura, ba ya shiga buƙata, iyakarsa gefen abubuwan ƙawa.

Hujjar masu ƙi tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Suna cewa wasannin da sunna ta ƙarfafa, kamar harbi da horar da doki, kowannensu yana da amfanin da ya wuce wasan kansa, har wasan da Habashawa suka yi da māsu a masallacin Madina ranar idi, wanda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsaya ya bar Nana A'isha ta kalla har ta gamsu, wasu malamai sun fassara shi da cewa horon yaƙi ne. Shi kuwa yoyo, ko mutum ya shekara ashirin a kansa, ba ya kare gari, ba ya ciyar da kowa. Gaskiya ne. Amma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya amsa irin wannan a cikin Ihya'u, inda ya nuna cewa kiran wasa aikin banza yana nufin ba shi da fa'ida, wannan kuwa bai kai ga haramci ba, kuma zuciya tana gajiya kamar yadda jiki ke gajiya, hutunta taimako ne a kan aikin gaske; shi ne ma ya yi wasiyya a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, don kada a kashe masa zuciya a dushe masa basira. Idan hutun zuciya manfa'a ce da shari'a ta yarda da ita, to, sharaɗin ciniki ya cika, muddin babu caca a ciki kuma wasan bai ture salla daga lokacinta ba. Kiɗan da ake sakawa a wajen gasa kuwa mas'ala ce dabam mai nata saɓanin, hukuncinta bai rataya a wuyan yoyo ba.

Saura tambayar da ta fi damuna, wato me kuɗin yake saye. A gasar duniya, wadda aka yi a Firag a 2014, da Tokyo a 2015, da Osaka a 2023, ɗan wasa yana da minti uku a zagayen ƙarshe, alƙalai na ƙirga kowace dabara da ya kammala suna rage masa maki a kan kowane kuskure, in yoyon ya tsaya ko ya sarƙe har ya canja wani sai a ƙara yanke masa. A irin wannan matsayi, yoyon da zai ƙara masa 'yan daƙiƙoƙin juyi, ya kuma ƙi karkata lokacin da aka kwantar da shi a gicciye ana bi da shi ta tsakanin zaruruwa, kayan aiki ne na haƙiƙa, kuɗinsa kuma bai tafi a banza ba. Amma ga abin lura: Gentry Stein, Ba'amurken da ya ci gasar duniya a 2014 ya sake ci a 2019, ya shiga gasar ƙasa ta Amurka a 2015 da yoyon roba mai suna Replay Pro, wanda kuɗinsa bai kai dala 20 ba, ya kuwa zo na ɗaya a gaban masu riƙe da na ƙarfe. Abin da ya ci masa gasar shi ne abin da Ibn Khaldun ya kira malaka, wato sifar da ke kafuwa a cikin rai da gaɓɓai saboda maimaita aiki sau bayan sau har hannu ya riƙa yi ba da shawarar tunani ba. Alamarta tana nan a kantar da zare ke fitarwa a ɗan yatsan tsakiya, da tarin zaruruwan da suka tsufa aka yar. Ƙarfe mai tsada yana faɗaɗa wa mai malaka fili, wanda ba shi da ita kuwa ko an danƙa masa na titaniyam iyakarsa ya jefa ya rasa yadda zai dawo da shi hannu.

Saboda haka hukuncin israfi ba ya sauka a kan farashi shi kaɗai, sai an duba mai saye da halinsa, kamar yadda malamai suka saba cewa abin da yake matsakaici ga mawadaci yana iya zama ƙetare iyaka ga matalauci. Saurayin da ya shekara yana horo da na roba har ya kai inda yoyon ke mutuwa kafin dabararsa ta ƙare, ya tara kuɗin guminsa ya sayi mai zoben ƙarfe, babu wanda ke binsa bashi, babu iyalin da ya tauye wa abinci, ban ga abin da za a kama shi da shi ba, har ina ganin haƙurin da ya koya a kan zare zai amfane shi a wajen karatu da sana'a. Magidancin da kuɗin makarantar 'ya'yansa ke jiransa kuwa, ko yoyon dala 30 ya saya ya zalunci masu haƙƙi. Lokaci ma haka yake, kuma shi ne ya fi kuɗin tsada nesa ba kusa ba, domin wanda ya kai matakin Shinji Saito, Bajapanen da ya tara kambun duniya 13 yana wasa da yoyo biyu, ɗaya a kowane hannu, ya ba da shekarun ƙuruciyarsa ne. Wanda wasan ya zamar masa sana'a yana ci daga gare ta yana da uzurin mai sana'a, wanda ba haka ba sai ya yi wa kansa hisabi.

Inda zuciyata ba ta natsu ba shi ne wajen masu tarawa. Kamfanoni kan fitar da samfuri ɗaya a launuka dabam-dabam, kowane launi 'yan ƙalilan, ya ƙare cikin ɗan lokaci, daga baya a riƙa sayar da shi hannu da hannu a kan kuɗin da ya fi na asali. Sai ka sami mutum da akwati mai gurabe cike da yoyo, waɗansu bai taɓa ɗaura musu zare ba don tsoron kada su bugi ƙasa su sami tabo darajarsu ta faɗi. A nan manfa'ar da muka kafa halaccin a kanta ta gushe, don babu hutun zuciya a cikin abin da ake tsaro da fargaba, babu kuma malakar da ke ƙaruwa; abin da ya rage shi ne son a fi wani yawa da alfahari da abin da aka mallaka, su ne kuwa Alƙur'ani ya ambata tare da wasa da shagala a cikin Suratul Hadid inda yake siffanta rayuwar duniya. Wasu har sukan sayi kunshi a rufe ba su san abin da ke ciki ba, da fatan su dace da wanda ba a cika samu ba, wannan kuwa ya kusanci gararin da aka hana a ciniki. Ban ce duk mai ajiye yoyo biyar ko goma ya yi laifi ba, domin gwani kan buƙaci na horo da na gasa da na canji, kuma rukunan gasar guda biyar ne, kowanne da irin kayan da ya dace da shi, daga mai yoyo ɗaya zuwa wanda ba a ɗaure yoyonsa a zare ba, zuwa mai ɗan nauyi a ƙarshen zare maimakon madaukin yatsa. Amma wanda ya sayi na arba'in alhali na farko bai ko goge ba, ya tozarta wahalar wanda ya daidaita faifan nan biyu don su yi juyi, kuma da shi da ɗan wasan da yoyonsa guda ya cika da tabo saboda aiki ba zan sa su a hukunci ɗaya ba, ko da kuɗin da suka biya a kan kowane guda daidai yake.