Kalmar da ke ƙasan takarda

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Kaduna, da ke titin Tafawa Ɓalewa, yakan ci karo da wani darasi mai ɗaci a harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a 1972. Ya jera bayanai, ya adana su a fayil, aka ɗauke wuta. Da ya sake lodawa, lambobi sun dawo lafiya lau, manuni kuwa ya zama shirme. Ai manuni adireshi ne kawai na wani gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma kafin a sake kunnawa an ba wani gurbin. Kamar mai neman tsohon aboki ne a Unguwar Rimi da lambar gidan hayar da ya daɗe da tashi.

To, da me ake gane abu shi ne, alhali mazauninsa ya sauya?

Magabata sun amsa tun ba a san lantarki ba. A Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ke titin Rabah, wanda ya zama cibiyar tarihi a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, akwai littattafan Larabci da ajami na rubutun hannu. Galibi ba a ɗinke su ba, warwara suke a cikin gafaka, da yawa ko lambar shafi babu. Sai dai a ƙasan takarda marubuci yakan ɗiga kalma guda, wadda da ita takarda ta gaba za ta fara. Larabawa na ce mata ta'aƙiba. Iska ta watsa littafin, almajiri mai haƙuri zai tsince shi ya mayar daidai, domin kowace takarda ta san maƙwabciyarta, ba ruwanta da inda aka ajiye ta.

Haka isnadi yake. Malamin hadisi ba ya cewa a duba kanta ta uku a zauren wane, cewa yake wane ya ji daga wane. Ko da Zaidu ɗan Sabitu ya tattara Alƙur'ani bayan yaƙin Yamama, daga ƙirazan mutane da ɓawon dabino da fararen duwatsu ya haɗo shi, mazauni ya sauya, jerin ayoyi bai motsa ba.

Ɗalibin nan ma a ƙarshe dabarar da malaminsa zai nuna masa ke nan: ya bar adana adireshi, ya rubuta matsayin kowane abu a cikin jeri, na nawa ne kuma wa ke biye da shi, idan ya loda fayil ya ɗaura sababbin manunai.