Lallashi Ya Isa, Ko Sai An Sauke Kayan?

A ƙasar Amurka masana sun ƙera wani irin tabarau mai haɗe da kwamfuta. In mutum ya ɗaura shi, ɗakin da yake ciki sai ya ɓace masa, ya ga kansa a bakin teku ko cikin kurmi, yana jin kukan tsuntsaye. Tun ƙarshen shekarun 1990 Hunter Hoffman da abokan aikinsa a Jami'ar Washington suka gwada shi ga waɗanda wuta ta ƙona. Ana wanke musu rauni, su kuwa suna kallon ƙasar ƙanƙara, sai zafin ya ragu, gama hankalin mutum ba ya tsayawa wuri biyu a lokaci ɗaya. Yanzu ana gwada shi ga mata masu ciki da masu jego, baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, domin ya rage musu damuwa.

To, ga tambaya, ya mai karatu: daidai ne a lallashi mutum, alhali abin da ke damunsa yana nan?

Bari mu fara duba damuwar. Bisa ga lissafin hukumar lafiya ta CDC, a shekarar 2021, cikin kowace haihuwa 100,000, baƙaƙen mata kusan 70 suka rasu, farare kuwa kusan 27. Ashe tsoronsu ba na banza ba ne. Ko Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis, da ta haihu a 2017, numfashinta ya yi wuya, sai da ta nace kafin aka duba huhunta, aka sami gudan jini. In mai suna da kuɗi sai ta nace, ina ga talaka?

Matan Latin Amurka kuma suna da al'adar hutun kwana 40 bayan haihuwa, kamar yadda mai jego ke yin arba'in a wurinmu. Amma da yawa sun baro iyayensu mata a wata ƙasa, waɗansu kuma Sifaniyanci kaɗai suke ji, likita kuwa Turanci. Dokar 1993 ta ba da hutun mako 12 ne ba albashi, kuma ba kowace ma'aikaciya ta shafa ba.

Wani zai ce, in haka ne tabaran nan ruɗi ne, a jefar da shi. Ban yarda ba. Matar da ta kwana uku ba barci, in ta sami minti 10 na kwanciyar rai, ai ta sami alheri. Da babu gara ba daɗi. Wanda ya hana mai ƙishi moɗa guda don ba a gama haƙa rijiya ba, ba mai tausayi ba ne.

Amma akwai haɗari. Tabarau yana da araha a kan ɗaukar ungozoma da tafinta, kuma ba ya gardama. Mai mulki zai iya raba shi, ya ce ya gama aikinsa. Nan ne jinƙai ke zama wayo. Gama tabarau yana rufe idon mace, amma ba ya buɗe kunnen likita. In ta cire shi, kuɗin haya na nan, ranar komawa aiki na nan. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Saboda haka ma'aunin shi ne wannan: lallashi nagari ne muddin mai lallashin yana ƙoƙarin sauke kayan. A ba ta tabarau in tana so, amma a fara tambayarta abin da ke damunta, a kuma gaskata amsarta, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mu ma da ba mu da tabarau, bari mu auna kanmu. Sau nawa muka ce wa mai jego "yi haƙuri", muka wuce ba mu ɗebo mata ruwa ba?