Tunawa da Iya



Kakarmu, wadda muke kira Iya, ta rasu a Wudil bayan doguwar rayuwa. Takan ce an kai ta ɗakin miji ne shekarar da Sarki Alhaji ya rasu, wato 1953. Da ginin tukwane, waɗanda ake kai mata kasuwar Juma'a, ta riƙe marayu biyar. Karatunta bai wuce izu biyu ba, amma ko da ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, a zaune take sallarta, carbi na hannu. Tirmizi ya ruwaito daga Manzon Allah (SAW) cewa mafificin mutane shi ne wanda ya yi tsawon rai, aikinsa kuma ya kyautata.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ranar sadakar uku gida ya cika maƙil, har da mu da muka yi wata shida ba mu leƙa ta ba, alhali daga Kano zuwa Wudil bai kai awa guda ba.

Ke fa? Tsohuwar da ke gidanki, mahaifiyarki ce ko uwar mijinki, wa ya ɗora mata ruwan alwala yau da asuba?

Allah Ya jiƙan Iya, Ya sa Aljanna ce makomarta.