Mutum Ne Ya Ci, Ko Linzaminsa?

A wannan wata muna so mu yi tunani tare a kan wata gardama wadda ta daɗe tsakanin samari a Japan da Amurka da Turai. A kan wasa su ke yinta, amma tambayar da ke ciki ta shafi manya da yara duka. Idan mutum biyu suka yi gasa, ɗaya yana riƙe da kayan aiki wanda ya fi na ɗan'uwansa, shin nasararsa ta gaskiya ce? A ina ne dabara ta ke ƙarewa, maguɗi ya soma?

Bari mu fara bayyana wasan domin waɗanda ba su san shi ba. A shekara ta 1991 kamfanin Capcom na birnin Osaka ya fito da wani wasan bidiyo mai suna Street Fighter II. Mutum biyu su kan tsaya gaban allo, kowa ya zaɓi ɗan dambe guda daga cikin hotunan, ya riƙa sarrafa shi har ɗaya ya kā da ɗaya. A hannun hagu akwai wata gajeruwar sanda da a ke turawa kusurwa takwas, a hannun dama kuwa maɓallai shida, uku na naushi, uku na shuri. Wannan abin sarrafawa za mu kira shi linzami, gama da shi a ke juya ɗan damben kamar yadda mahayi ya ke juya dokinsa. Hoton da ke kan allo yana sauyawa sau 60 cikin daƙiƙa guda, har wani lokaci jinkirin hoto ɗaya tak shi ne ya ke raba mai ci da wanda aka ci.

Yau linzamin iri uku ne. Akwai ƙarami wanda a ke riƙewa da hannu biyu, a danna da manyan yatsu. Akwai akwati mai sanda, irin na dā, wanda a ke ɗorawa bisa cinya. Na uku shi ne ya kawo gardama. Wajen 2010 waɗansu 'yan'uwa biyu a Amurka suka ƙera wani akwati mai suna Hit Box, suka cire sandar ɗungum, suka sa maɓallai huɗu a madadinta: hagu da ƙasa da dama ƙarƙashin yatsu uku, sama kuwa ƙarƙashin babban yatsa. Mai sanda, in zai tashi daga baya zuwa gaba, tilas sandarsa ta ratsa tsakiya tukuna. Mai maɓalli kuwa ɗaga yatsa ɗaya kawai zai yi, ya sauke wani.

Kada wani ya ce wannan wasan yara ne, ba abin da za a rasa a ciki. A babbar gasar Evo ta 2023 a birnin Las Vegas, mutum fiye da 7,000 suka sa suna domin Street Fighter 6 kaɗai. A gasar Capcom Cup ta Fabrairu 2024 wani saurayi daga Taiwan, wanda a ke kira UMA, ya tafi gida da dala miliyan ɗaya. Inda suna da abinci su ke, nan ne a ke gane halin mutum.

Tsofaffin 'yan wasa da yawa sun ce sabon akwatin maguɗi ne. Hujjarsu ita ce sun yi shekaru suna koya wa hannunsu juya sanda, har kanta ta fito musu, ga shi wani ya zo ya sami abin nan a sauƙaƙe. Muna jin zafinsu, gama kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma ba daɗi mutum ya ga an gajarta hanyar da ya sha wuya a kanta. Amma fa sai mu tambaya, wahalar ce a ke gwadawa a gasar? Abin da a ke gwadawa shi ne karanta nufin abokin karawa, da sanin lokacin kai hari da lokacin tsare kai, da natsuwa sa'ad da rai ya kusa ƙarewa. Juya sanda hanya ce kurum ta kai nufin mutum ga allo. In an sami hanya wadda ta fi miƙewa, kowa kuwa yana da izinin binta, ba mu ga zalunci a nan ba.

Akwai shaidu uku da su ke ƙarfafa mu a kan wannan. A Evo ta 2014 wani Bafaranshe da a ke kira Luffy ya zama zakaran Ultra Street Fighter IV da tsohon ƙaramin linzami na PlayStation ta fari, injin da ya fito tun 1994, alhali abokan karawarsa suna riƙe da manyan akwatuna masu tsada. Na biyu shi ne Mike Begum na jihar Texas, wanda duniya ta sani da suna BrolyLegs. An haife shi da ciwon da ya hana gaɓoɓinsa miƙewa, sai ya koyi danna linzami da kumatunsa da harshensa, ya yi ta kā da masu hannu biyu lafiyayyu har rasuwarsa a 2024. Na uku, Sven van de Wege, makaho ne daga ƙasar Holan, wanda ya ci karawa gaban taron jama'a a Evo ta 2023, da kunne ya ke gane nisan da ke tsakaninsa da abokin faɗansa. Da an kafa doka cewa linzami iri ɗaya kaɗai ne halal, da an rufe wa waɗansu ƙofa ba tare da laifinsu ba. Daidaita mutane ba ya nufin a tilasta wa kowa sa takalmi mai awo ɗaya.

Duk da haka masu ƙorafi ba su rasa gaskiya sarai ba. Sanda ba ta iya kasancewa a hagu da dama a lokaci guda, amma yatsu biyu suna iya danna maɓallai biyu tare. Waɗanda suka tsara wasannin dā ba su yi shirin wannan ba. A wasan Marvel vs. Capcom 3 na 2011 an tarar cewa wanda ya danne hagu da dama tare yana tare hari daga gaba da baya duka, ba sai ya yi zaɓi ba. Ga shi kuwa zaɓin nan shi ne zuciyar wasan. Mai kai hari ya yi dabararsa, ya ruɗe abokinsa, sa'an nan akwati ya cece shi. A nan kayan aiki ya daina ɗaukar nufin mutum, ya soma yin tunani a madadinsa. Domin wannan dalili ne dokokin manyan gasanni suka hana maɓallin da aka shirya shi ya yi jerin motsi da dannawa ɗaya.

Ashe ma'auni na fari ke nan: linzami ya isar da abin da mutum ya nufa, kada ya ƙara masa abin da bai yi ba. Na biyu kuwa shi ne bayyanawa. Ko a dandalin dambe an san ɗan dambe yana naɗe hannunsa da zare a idon kowa, ba mai ce masa ya yi laifi. Wanda ya ɓoye ƙarfe cikin naɗin, ko ya kā da mutum goma, ba shi da bakin yin kirari.

Tambaya mafi wuya ita ce ta abin da doka ba ta riga ta hana ba. A 2019 Daigo Umehara, mashahurin ɗan wasan Japan, ya yi shirin shiga gasar Combo Breaker a Amurka da wani akwati marar sanda wanda aka yi wa gyara, yadda in an danna gaba alhali ana riƙe da baya, sai injin ya ɗauki na ƙarshe. Wannan yana ba ɗan damben da a ke kira Guile sauri ƙwarai, gama sai an riƙe baya na ɗan lokaci, a tura gaba, kafin ya yi jifarsa. Daigo bai ɓoye akwatin ba, a fili ya riƙa gwada shi mutane suna kallo ta intanet. Saboda haka aka yi muhawara tun kafin ranar, kamfanin Capcom kuma ya hana akwatin. A ganinmu wannan ita ce hanyar mai gaskiya. Wanda ya gano wata kafa a cikin doka yana da hanya biyu: ya kai ta gaban alƙalai su yanke, ko ya yi shiru ya ci moriyarta har ranar da za a gane. Takardar doka ba za ta kama na biyun ba, amma lamirinsa ya san abin da ya sa ya yi shiru.

Masu yin doka su ma akwai nauyi a wuyansu. Hukuncin 2019 ya fito gab da gasar, bayan mutum ya riga ya ɓata lokaci yana horon yatsunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2023 kuma Capcom ta sauya doka, ta ce in an danna sama da ƙasa tare kada linzami ya fifita ɗaya a kan ɗaya, alhali a dā akwatunan sama su ke ɗauka, sai masu su suka shiga gyara. Doka mai adalci ita ce wadda aka sanar da wuri, ta hau kan shahararre da baƙo daidai. Mun ga misali mai kyau a Street Fighter 6, inda aka yarda wa mai so ya yi babban hari da maɓalli ɗaya, amma aka rage ƙarfin harin da kashi 20 cikin 100. Sauƙi yana da farashinsa, an kuwa rubuta farashin inda kowa zai gani.

Saura maganar kuɗi. Akwati mai kyau ya kan kai dala 200 ko fiye, yaron da ba shi da hali kuwa yana iya cewa an fi shi tun ba a fara ba. Wannan kuka ne na gaskiya. Abin da ya rage shi shi ne waɗansu masana sun rubuta tsarin sarrafa irin wannan akwati, mai suna GP2040-CE, suka sake shi kyauta, har masu ƙira suka soma yin masu araha. Waɗannan mutane sun yi wa adalci hidima fiye da masu zagi, gama sun buɗe ƙofar ga kowa maimakon su rufe ta.

A ƙarshe akwai gargaɗi ga wanda aka ci. Da sauƙi mutum ya ɗora faɗuwarsa a kan linzamin abokinsa, domin kada ya dubi kasawarsa. Wanda ya ce wa ɗan'uwansa mai maguɗi ba tare da shaida ba ya ɓata masa suna, wannan kuwa ya fi asarar wasa nauyi. Hassada ta kan sa rigar son adalci, har mai ita ma ya kasa gane ta.

'Yan'uwa, yawancinmu ba za mu taɓa riƙe irin wannan akwati ba, amma kowannenmu yana da wani abu a hannu da ya fi na maƙwabcinsa, ko a kasuwa, ko a ɗakin jarrabawa, ko a neman aiki. Bari mu riƙa yi wa kanmu tambayoyi uku. Aikin nan ni na yi shi, ko abin da ke hannuna ne ya yi mini? Zan iya ajiye shi a fili gaban abokin takarata? In shi ne ya riƙe shi, ni na rasa, zan ce an yi daidai? Wanda ya iya amsa ukun nan ba da jin kunya ba, ya riƙe linzaminsa da zuciya ɗaya. Allah ya sa mu zama masu gaskiya cikin ƙaramin abu da babba.