Baƙo Raɓa Ne

Karanta Ayyukan Manzanni 14:8-23 da 16:1-3, da kuma II Timothawus 1:5.

Ga babban hutun makaranta ya matso. Wajen ƙarshen Yuli za a sallami yara, ba za su koma ba sai cikin Satumba. A makonnin nan ne ekklesiyoyi da yawa sukan buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki ta hutu, ta kwana biyar ko shida, inda yara za su ji labarin Yesu, su koyi waƙa, su haddace aya, su yi wasa. Ekklesiyoyin birni kuma sukan aiki samarinsu da 'yammatansu su tafi ƙauye su taimaka. Aiki ne mai kyau, ina yi wa Allah godiya dominsa. Amma akwai wata tambaya da ta daɗe tana damuna, ita ce zan ajiye a gabanku. Makarantar nan, ta wa ce? Ta baƙi ce, ko ta masu gida?

Bari in fara da laifin kaina. Wata shekara, sa'anda nake riƙe da wata ƙaramar ekklesiya ta ƙauye, aka aiko mana da matasa shida daga birni. Suka zo da hotunan labaran Littafi, da ƙwallo, da ganga, da fara'a mai yawa. Mu kuwa muka yi abin da muka iya: muka share musu ɗaki, mata suka yi tuwo, muka yanka zakara. Da muka gama wannan sai muka ɗauka mun sauke nauyinmu, kowa ya saɓi fartanyarsa ya tafi gona, gama damina ce. Ran Litinin yara kaɗan ne suka zo. Kafin Jumma'a majami'a ta cika, har waɗansu suna leƙe ta taga. Da yawa a cikinsu ba 'ya'yan masu bi ba ne. Akwai wani yaro mai kiwon awaki wanda yakan ɗaure su a gindin ɗorawa ya shigo da sandarsa, ya zauna a gaba. Shi ne ya fi kowa riƙe labari.

Ran Asabar baƙi suka hau mota, yara suka bi su da gudu har bakin rafi. Kashegari Lahadi yaron nan ya zo sujada, ya wuce ya zauna a gaba inda ya saba. Wani dattijo ya dube shi, ya ga rigarsa, ya ce, "Kai, ɗan wane ne kai? Tashi ka koma baya." Ya tashi, amma bai koma baya ba, waje ya fita. Ina tsaye a kan bagadi na ga wannan duka, na ce a raina zan neme shi bayan an tashi. Da aka tashi na nemi littafin da aka rubuta sunayen yara da na iyayensu. Ashe littafin yana cikin jakar shugaban baƙi, ya tafi birni. Ba sata suka yi ba. Su suka sayi littafin, su suka rubuta, kuma ba wanda ya ce musu su bari. A cikinmu duka babu ko mutum ɗaya da ya zauna tare da su kwana shidan nan.

Yanzu ku dubi abin da ya faru a Listra, wani gari a ƙasar da ake kira Turkiyya yau. Bulus da Barnaba baƙi ne a can. Da Allah ya warkar da gurgu ta hannun Bulus, gari ya ruɗe. Mutane suka yi ta ihu da harshensu na Likoniya, suna cewa alloli sun sauko. Da alama manzannin ba su gane abin da ake faɗi ba sai da suka ga an jawo bijimai za a yi musu hadaya, sa'an nan suka yayyage tufafinsu suka hana. Ba a daɗe ba, waɗansu suka zo daga Antakiya da Ikoniya suka juya hankalin taron, aka jajjefi Bulus, aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Taro ɗaya ne, jiya bijimi, yau dutse. Duk mai auna aikin Allah da yawan taro da ƙarfin tafi, sai ya karanta wurin nan sau biyu.

Bulus ya tafi Darba. Amma ga abin da nake so ku lura da shi: ya komo ta Listra, garin da aka jefe shi, ya ƙarfafa almajirai, ya kuma naɗa musu dattawa da addu'a da azumi. Ya san shi mai wucewa ne. Bai yarda ya wuce ba sai da ya ga akwai waɗanda za su riƙe garken.

Bayan 'yan shekaru ya sake zuwa, ya tarar da wani saurayi mai suna Timothawus, wanda 'yan'uwa na Listra da Ikoniya suke shaidarsa da kyau. To, wa ya yi renon bangaskiyar yaron nan a shekarun da Bulus ba ya nan? Bulus da kansa ya ba da amsa a wasiƙarsa ta biyu zuwa gare shi. Ya ambaci kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, ya kuma ce tun yana ɗan yaro ya san littattafai masu tsarki. Ubansa Baheleni ne, ba a ce mana ya ba da gaskiya ba. Mata biyu a cikin gida, da 'yan'uwa na gari waɗanda suka san halinsa har suka iya ba da shaida, su ne suka yi aikin da manzo bai iya tsayawa ya yi ba.

Irin wannan aiki na hutu a zamaninmu ma haka tarihinsa yake. A shekarar 1867 wani ma'aikacin ofis a Landan, Josiah Spiers, ya fara tara yara domin sujada irin tasu, wadda za su fahimta. A watan Agusta na 1868 ya je hutu Landudno, wani gari a bakin teku a ƙasar Wales. Ya ga yara suna wasa da duwatsu a rairayi, sai ya zana musu 'yar magana a ƙasa game da ƙaunar Allah, suka yi mata ado da tsakuwa da ciyawar teku, ya kuma ba su labari. Daga nan taron yara na lokacin hutu ya yi ta yaɗuwa. Amma hutu yakan ƙare, kowa ya koma gida. Wata malamar makarantar Lahadi a garin Kesik, Annie Marston, ita ce takan rubuta wa 'yammatan ajinta wuraren da za su karanta kowace rana, ran Lahadi kuma su tattauna. Ta yi ta roƙon ƙungiyar su Spiers su buga irin wannan jeri domin dukan yara, har suka yarda a 1879. Mafarin karatun kullum na Scripture Union ke nan, wadda ɗalibai da yawa a ƙasarmu suka sani. Ana yawan tuna mutumin bakin teku. Ni dai ina ganin malamar nan ba ta gaza shi ba.

Ku matasa masu shirin tafiya, Ubangiji ya sa muku albarka, gama kun ba da hutunku, waɗansunku har da kuɗin motarsu. Amma ku tuna Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa tana da amfani, takan farfaɗo da shuka, sai dai kafin hantsi ta bushe. Saboda haka kada ku koyar da aji ko ɗaya ku kaɗai. Ku roƙi fasto ya ba kowannenku mutum ɗaya na gari, ko da bai iya karatu sosai ba, ya tsaya tare da ku. Ran Litinin kai ne mai ba da labari shi yana kallo. Kafin Jumma'a shi ne mai bayarwa kai kana kallo. Shi ya san harshen da yaran suke ji a gida, wanda sau da yawa ba Hausa ba ne. Shi ya san lokacin da ake komowa daga gona, da yarinyar da ba za ta iya zuwa ba sai da goyon ƙanenta. Kasancewarku biyu kuma kariya ce ga yara da ku kanku, gama bai kamata babba ya keɓe da ɗan wani shi kaɗai ba.

Kada kuma ku yi saurin ƙirga hannuwa. Yaro mai ladabi, in baƙon da ya ba shi alewa ya ce wa yake so ya karɓi Yesu, zai ɗaga hannu, gobe ma in an tambaya ya sake ɗagawa. Ban ce yaro ba ya iya ba da gaskiya ba. Yana iyawa ƙwarai, Ubangiji ma ya ji haushin almajiransa sa'anda suka hana a kawo masa yara, kamar yadda Markus 10 ya nuna. Amma ku lura, kawo su aka yi, ba a ɓoye suka zo ba. In ɗan maƙwabci wanda ba mai bi ba ne yana so ya zo, sai dattijon ekklesiya ya je ya gai da uban, ya gaya masa a fili abin da ake koyarwa. In ya yarda, madalla. In ya ƙi, a girmama shi, a ci gaba da gaisuwa. Ku za ku hau mota ran Asabar, su kuwa rijiya ɗaya suke sha da mutumin.

Mu dattawa da iyaye, namu ya fi nauyi. Tuwo da zakara ba su ne rabonmu kaɗai ba. Na san damina ce, ciyawa ba ta jiran kowa. Amma ekklesiyar da take iya yin gayya a gonar fasto tana iya yin gayya a gonakin mutum uku, domin su sami sarari su zauna da yara mako guda. A kuma gaya wa masu tsaron ƙofa tun da wuri cewa ran Lahadi za su ga baƙin fuskoki, ƙanana, marasa takalmi, kuma benci na gaba bai fi ƙarfinsu ba.

A shekarar da ta biyo, da matasan nan suka rubuto suna so su sake zuwa, muka amsa musu da murna, amma muka sayi littafin da kuɗin baikonmu, muka danƙa shi a hannun wata gwauruwa daga cikin zumuntar mata. Ita ta rubuta sunaye, ita ta bi gida gida bayan sun tafi. Ni kuwa kowace yamma nakan duba gindin ɗorawa ko zan ga awaki a ɗaure. Na tambaya a ƙauyukan kewaye, aka ce mini iyayensa baƙin noma ne, sun tashi bayan kaka. Tsohon littafin kuma aka neme shi a birni ba a same shi ba. Ina roƙonku ku sa yaron nan cikin addu'arku. Ba ni da sunan da zan ba ku.