Tsohon Keke Da Tambayar Asalin Abu

Tun bayan da gwamnatin Adamawa ta hana hawan babura a cikin Yola da Jimeta saboda matsalar tsaro, keke ya dawo da wani ɓangare na martabarsa, kuma tsofaffin ƙarafan da aka jingine a zaure shekara da shekaru suka koma hannun masu gyara. Mafi daraja a cikinsu shi ne Rali, wato Raleigh, wanda aka fara ƙerawa a Nottingham ta Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, kafin kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, sai Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya da suka cika kasuwa daga baya.

Wanda ya kai irin wannan keke wurin mai gyara yakan fara da taya da tub, domin roba ba ta jure zafin watan Afrilu a Yola, sannan a kwance sarƙa a jiƙa ta cikin kananzir har tsatsa ta saki, a zuba sabon boris da giris, a sauya sirdi da feda da robar birki. Bayan haka sai a zo ga kayan da ke mayar da keke abin neman abinci: madigadi, wato murfin da ke saman taya yana tare laka lokacin damina, kariya, wato ƙarfen baya da ake ɗaure kaya a kai, da jakunkuna biyu da ke rataye dama da hagu kamar mangalar jaki, waɗanda manomin rani zai cika da ganye daga Geriyo zuwa kasuwar Jimeta. Idan aka gama, sau da yawa babu abin da ya rage na ainihi sai firam, wato gangar jikin keken, ita ma an kankare ta an shafa mata sabon fenti. Duk da haka mai shi zai ce keken mahaifinsa ne, kuma a nan tambayar take: da wace hujja yake faɗin haka?

Tambayar ta daɗe a falsafa. Marubucin Girka Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyos, wanda mutanen Atina suka riƙa cire ruɓaɓɓen katakonsa suna sa sabo, har masana suka saɓa kan ko jirgin nan shi ne na farko. A 1655 Thomas Hobbes ya ƙara wa matsalar nauyi, inda ya tambaya yadda za a yi idan wani ya tara tsofaffin katakon ya harhaɗa jirgi na biyu da su, abin da kuwa ba shi da wuya ya faru a rumfar mai gyara, inda ba a zubar da tsohon ƙarfe. Musulmi yana da misali mafi girma, domin an sake gina Ka'aba a zamanin Ƙuraishawa, da zamanin Abdullahi ɗan Zubairu, da kuma 1630 a zamanin Sarkin Istambul Murad na Huɗu, ba tare da alƙibla ta sauya ba. Amma gini yana da wurin da yake tsaye a kai, keke kuwa ba shi da wuri, saboda haka dole a nemi tushensa a wani abu dabam.

Amsar da ta fi ƙarfi ita ce abin da ke riƙe asalin keken shi ne rashin yankewar tarihinsa, domin kowane sabon ƙarfe ya shigo ne ya karɓi aikin wanda ya gaji, a jikin abu ɗaya, a hannun gida ɗaya, kuma ba a taɓa wayar gari babu keken ba. Da wannan ma'ana magajin ya faɗi gaskiya, kuma gyaran da ya yi ya fi kusa da riƙon amana da guje wa almubazzaranci, wato kashe dukiya ba bisa buƙata ba, fiye da sayen sabo don kawai idon jama'a.

Sai dai wannan hujja tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce bakin ciniki. Mai saye bai gaji tarihin keken ba, ƙarfe yake biya wa kuɗi, don haka wanda ya bar tambarin Rali a goshin keke alhali wili da sarƙa da birki na wani kamfani ne, ko ya rufe walda da fenti ya yi shiru, ya faɗa cikin algus. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran fiƙihun Malikiyya ke karantawa a zaurukan Yola, ta haramta ɓoye aibin haja, kuma mazhabar ta ba mai saye damar mayar da kaya idan aibin ya bayyana daga baya. Saboda haka keken da ya halatta a kira na mahaifi a cikin gida, idan aka fito da shi kasuwa wajibi ne a lissafa wa mai saye abin da aka sauya da inda aka yi walda, ko da hakan zai rage wa keken kuɗi.